Bakin Goggo da Kifayen Teku

Da na ajiye aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas na dawo gida Lafia, kowa a cikin abokan aikina da abin da ya kwaso: wani mota, wani ciwon baya. Ni akwatin gilashi na kwaso, da duwatsun teku jiƙe a cikin durom, da kifaye a leda. Direban da ya ɗauko mu ya yi ta leƙena ta madubi har muka wuce Lokoja. Ina jin so yake ya tabbatar ko da sauran hankali a tare da ni.

Ban ga laifinsa ba. Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a Lafia, amma tarwaɗa ake kiwo, a ci da barkono. Nawa ba a ci. Kifayen teku ne 'yan ƙanana, wani ruwan goro da ratsin fari, wani shuɗi kamar daga marina aka tsamo shi, kuma ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Wanda yake garin da babu teku kuwa, dole ya haɗa tekunsa da hannu. Sai in tace ruwan bohol, in zuba gishiri na musamman da ake aiko mini daga Legas, in auna, in sake aunawa. A ƙarƙashin akwatin akwai kabad, a cikinsa akwai ƙaramin tanki inda ruwa ke gangarawa a tace shi, wani ɗan inji ya sake tura shi sama. Saboda injin nan na kafa sola tun kafin in sa wa ɗakin kwananmu silin. Uwargidana ba ta manta ba har yau, kuma ba ta bari ni ma in manta.

Ban da kifayen, akwai 'yan dodon koɗi masu lasar gilashi, da jatan lande masu dogon gashin baki, da murjani. Murjanin nan shi ya fi ba mahaifiyata mamaki. Iya muke ce mata. A wurinta murjani abin wuya ne da ake saya wa amarya, sai ga shi a falona yana buɗewa yana rufewa, yana kaɗa 'yan yatsu a cikin ruwa.

Iya 'yar Awe ce, a dafa gishiri ta tashi. Tun tana yarinya take bin mahaifiyarta su kankaro ƙasar gishiri, su tace a tukwane, su dafa har ya tsotse. Aure ne ya kawo ta Lafia, amma har gobe in an ambaci gishiri sai ta gyara zama. Ranar da na cika akwatin ta tsoma ɗan yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Mutumin Ikko," ta ce, wato mutumin Legas, don ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, "wannan ne gishirin da kake sa a turo maka a mota? Ai ko miyar marar lafiya ta fi shi kauri."

Na ce, "Iya, don girman Allah, kada wata rana tausayi ya kama ki ki ƙara musu na Awe."

"Na Awe ya fi ƙarfin kifin ado," ta ce, ta yarfe hannu. Munduwar tagullar da ke hannunta ta bugi gilashin ta yi ƙara. Munduwar mahaifiyarta ce, tun da na yi wayo nake ganinta a hannun Iya. Da ƙararta muke gane inda take a cikin gida: ta bugi kwano, ta bugi buta, ta bugi ƙyauren ɗaki.

Sai kuma Goggo. Bafillatana ce daga wata ruga da ke bayan hanyar Ashige, ita ke kawo nono da man shanu layinmu tun ina firamare. Ba mu haɗa jini ba, amma da nononta aka dama furar da na girma da ita, don haka Goggo nake ce mata. Ita da Iya kuwa ƙawance ne irin na tsofaffi, rabi hira rabi zolaya. Iya ta ce mata 'yar daji, ita ta ce wa Iya mai dafa ƙasa. In ta gama zagayen layi, gidanmu ne masaukinta. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida, su baje a tabarma har rana ta karkata.

Goggo ba ta shiga falo. Ba wanda ya hana ta, ita ce dai ba ta son kujerar da mutum ke nutsewa a ciki. Wata rana da damina ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, iska tana feso shi har baranda, dole muka taru a falo: ni, da Iya, da Goggo, da uwargida, da maƙwabciyarmu mai kitso wadda ta zo yi mata kai. Gari ya yi duhu, fitilar akwatin ce kawai ke haske. Goggo ta shigo tana karkaɗe mayafi, ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak.

"Kai, ɗana! Wannan kifi ne ko zane ne?"

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta bi mai ruwan goron da yatsa. "Wane ne ya yi masa lalle? Duba wannan, duba! Wallahi ya fi farin karsana na kyau." Wanda ya san Fulani ya san ba ƙaramin yabo ba ne a ce abu ya fi karsana. Ta yi ta dariya kamar yarinya, tana kiran Iya ta zo ta gani, alhali Iya kullum da su take kwana take tashi. Ni kuwa kaina ya kumbura. Duk shekarun da na yi ina wannan wahala, ba wanda ya taɓa kallon akwatin nan da irin farin cikin da Goggo ta kalle shi.

Ba a yi mako ba abubuwa suka fara lalacewa. Da farko dodon koɗin ne suka riƙa sakin gilashi suna faɗowa ƙasa. Na mayar da su, suka sake faɗowa. Sai murjanin ya ƙi buɗewa, ya dunƙule ya fara fitar da yauƙi. Jatan landen suka kwanta a gefe. Ina cikin wannan fargaba, wata safiya na dawo daga masallaci na kunna fitila, na tarar da kifayena a kwance a kan yashi, wasu sun maƙale a bakin bututu. Jiya da yamma sun ci abinci. Guda ɗaya ne kawai, mai ruwan goron nan, yake haki a saman ruwa.

Ba zan ɓoye ba, na zauna a ƙasa na yi hawaye. Wasu daga cikinsu sun fi jikokina daɗewa a hannuna. Amma ban daɗe a zaune ba. Na haɗa sabon ruwa a babban baho, na tsamo mai ruwan goron da 'yan dodon koɗin da ke da sauran motsi, na sa musu abin hura iska, sannan na fita bayan gida na binne sauran.

Kafin hantsi labari ya zaga layi. Mai kitso ta shigo jaje, ta tsaya a ƙofar falo ta riƙe haɓa.

"Oga, wannan abu ba haka kawai ba ne fa. Matan nan na nono, ranan da ya yi ta magana, ka ji ya ce tubarkalla? Ni ban ji ba. Na lura sosai. Abeg, ka yi hankali."

Na ce mata ta bar wannan magana. Ta ce to, ta fita, ta kai ta gidan gaba.

Ni musulmi ne, ban musa cewa baki da ido suna kama abu ba. Amma na yi shekaru ina kiwon kifin nan, na san hanyoyin mutuwarsu sun fi a ƙirga, kuma kusan duk a cikin ruwa suke. Kafin a ɗora wa baiwar Allah jakar tsaba, ai sai a fara tambayar ruwan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda maganar ke ƙiba tana tafiya. A gida na biyu an ce bakinta ne. A gida na biyar an tuna wani yaro da ya yi zazzaɓi bayan ta shafa kansa. Kafin ta kai ƙarshen layi an fara raɗa kalmar da ba na son ko rubutawa, wato mayya. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san inda wannan kalma take kai tsohuwa.

Da Goggo ta zo zagayenta na gaba, ina tsaye a ƙofar gida ina kallo. Ta bi layin tana sallama gida gida, ba wanda ya leƙo. Matan da ke zaune a baranda suka janye 'ya'yansu ciki. Ta iso gidanmu da ƙwaryarta a cike kamar yadda ta baro ruga. Ta riga ta ji, don irin wannan magana ba ta rasa mai kai ta. Ta yi mini jaje a tsaye, idonta a ƙasa. Iya ta fito suka gaisa sama-sama, ba 'yar daji, ba mai dafa ƙasa. Na saye nonon duka, har uwargida tana tambaya ko wanka za mu yi da shi. Goggo ta karɓi ƙwaryarta ta juya. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

A ranar na ƙudura a raina cewa ko zan wargaza akwatin nan ƙusa-ƙusa, sai na gano abin da ya kashe kifayen. Kifi dai ya riga ya tafi. Sunan Goggo nake nema.

Wanda na fara zargi, Allah ya yafe mini, gishirin Awe ne. Na sami Iya a ɗakinta na durƙusa.

"Iya, tambaya zan yi, kada ranki ya ɓaci. Kin ƙara musu gishiri?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Ban sa musu gishiri ba."

Na auna ruwan, gishiri daidai yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na ji kunya na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta kau da kai.

Na koma kan zafi. Zafin Lafia yana iya dafa ruwan akwati in fanka ta tsaya, amma damina ce, ma'aunin zafin bai motsa daga inda ya saba ba. Na koma kan wuta. An ɗauke, an kawo, kamar kullum, amma batiran sola sun riƙe, injin bai tsaya ba. Na koma kan maganin sauro da turaren wuta, waɗanda na hana a falo tun ranar da muka tare. Uwargida ta ce in har zan tuhume ta da kisan kifi, to in fara biyanta bashin silin. Na bi yaran gida da tambaya ko wani ya tsoma hannu da sabulu ko man shafawa. Ba kowa. Na ɗauko 'yan kwalaben gwaji, waɗanda ake ɗiga wa ruwa ya canja launi. Suka nuna ruwan ya gurɓace da ruɓa. To amma wannan ban ɗauke shi amsa ba. Murjani da dodon koɗi sun mutu sun ruɓe, ruɓarsu ta shaƙe kifaye, wannan na gane. Me ya kashe su su kuma tun farko?

Na zubar da ruwan akwatin kusan duka, na haɗa sabo. Gishirin da nake tattali ya tafi a haka. A cikin baho kuwa mai ruwan goron ya farfaɗo har yana karɓar abinci, dodon koɗin sun manne a jikin roba suna yawo. Da sabon ruwan ya kwanta, na ɗauki dodon koɗi ɗaya na mayar da shi akwati don gwaji. Ya kama gilashi ya fara hawa. Washegari na same shi a ƙasa, ya shige cikin ƙoƙonsa ya rufe.

Uwargida ta ce, "Ka gani ko? Ruwa sabo, abu bai daina ba. Mai kitso fa ta ce..."

Na ce, "Ruwan baho da ruwan akwati daga durom ɗaya na ɗebo su. In baki ne, me ya hana shi bin su cikin baho? Ko bakin ba ya son roba ne?"

Ta yi dariya ba don ta so ba. Ni kuwa a lokacin na ji ƙarfi ya zo mini. In feshi ne ko wani abu da ya faɗa sau ɗaya, sabon ruwa ya isa ya wanke shi. Tunda bai wanke ba, to gubar tana nan a cikin akwatin, tana tsatsafowa a hankali.

Na ja kujera na zauna gaban gilashin ina bin mutuwar daki-daki. Masu ƙoƙo ne suka fara, sai murjani, sai jatan lande, kifi ne na ƙarshe. Me ke kashe mai ƙoƙo ya bar kifi ya ɗan jima? Sai tashar jirgi ta faɗo mini a rai. In an ɗaga jirgi don gyara, akwai wani jan fenti da ake shafa wa cikinsa, wanda ke hana ƙananan halittun teku masu ƙoƙo mannewa. Abin da ke cikin fentin nan yake kashe su kuwa jan ƙarfe ne. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Na fara farautar jan ƙarfe da danginsa. Na zaro injin na duba ko wayarsa ta tsage, lafiya lau. Na duba kowace ƙusa da kowane maɗauri. Na tace yashin da rariya ko wani jika ya jefa tsohon kwabo. Na fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya ina leƙa ramukansu da tocila, falo ya koma kamar bakin rafi, uwargida tana tsallake su tana ƙunƙuni. Ban sami komai ba. Bayana ya ƙage, yatsuna suka yi fari suka tattare. Saura ƙaramin tankin cikin kabad, wanda na riga na leƙa tun ranar farko ban ga komai ba. Wannan karon na kwanta rub da ciki na kwashe duk abin da ke ciki. A can ƙurya, bayan jakar gawayin da ke tace ruwa, hannuna ya taɓa wani ƙulli.

Farin ƙyalle ne, amma ya koma kore shar. Na kwance shi. Munduwar tagulla ce, dangin jan ƙarfe, ruwan gishiri ya cinye ta ta yi tsatsa kore. Ko a mafarki na san ta. A nan kwance a ƙasa na tuna cewa na kwana biyu ban ji ƙararta a jikin buta ba.

Na sami Iya a tsakar gida tana ɓarar agushi. Na zauna a gefen tabarma, na ajiye ƙullin a gabanta. Hannunta ya tsaya. A wuyan hannun akwai zoben fata mai haske inda munduwar ta zauna shekara da shekaru.

Sai ta ce, "A gidanmu a Awe, in baƙo ya yaba gishiri bai sa albarka ba, mahaifiyata takan cire wannan ta jefa a tukunyar ruwan gishirin. Ba a taɓa samun matsala ba. Na ga naka ma ruwan gishiri ne. Don in tsare maka su na sa."

Na yi mata bayani a hankali, cewa gishirin tukunya ba ya numfashi, waɗannan kuwa masu rai ne, kuma tagulla guba ce a gare su. Ta ce da suka fara mutuwa ita ta ɗauka bakin ne ya fi ƙarfin munduwar, shi ya sa ta bar ta a ciki. Ban ji haushinta ba. Tausayi na ji, mai nauyi, don abin da ta fi so a duniya ta cire ta jefa a ruwa saboda abin wasan ɗanta.

Na ce, "Iya, kifi ya wuce, na yafe har ga Allah. Saura Goggo."

"Ka faɗa musu mana. Ka ce wani ƙarfe ne ya faɗa."

"In ni na faɗa, za su ce boko ne ke damuna, ina kare ta ne. Ke za su yarda da ke."

Ta girgiza kai. "Ka san abin da kake cewa in yi? In tsaya gaban yaran da na haifi sa'o'in iyayensu in ce ni ce? Sannan in dubi idonta in ce mata..." Ta ja faifan agushinta ta juya mini baya.

Uwa ba a yi mata dole, kuma ban yi niyyar tona ta a bayan idonta ba. Amma ni ma ɗanta ne, taurin kan nan a nononta na sha. Washegari da hantsi na wanke mota, na fito da ita ƙofar gida, na je na gaishe ta na ce, "Iya, mota tana waje, ko za a je wani wuri." Ta ce ba inda za ta. Na ce to. Na zauna a motar har azahar, sannan na mayar da ita ciki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Uwargida ta ce mutanen layi sun fara cewa bakin ya tashi daga kifi ya koma kaina. Na ce su ƙara da cewa har motar ya kama.

Ban san rana ta nawa ba ce, ina zaune ina sauraron rediyo, na ga Iya ta fito da mayafinta na zuwa biki, da sandarta. Ba ta nufo mota ba. Ta wuce ni ta nufi barandar mai kitso, inda matan layi ke taruwa. Na fito na tsaya daga nesa. Ta kwance bakin mayafinta ta ɗaga munduwar kowa ya gani.

"Ku dube ta da kyau. Ni na sa ta a ruwan kifin yaron nan, ita ta kashe su. Ba bakin kowa ba ne, hannuna ne. Wadda ta kai waccan magana gida gida, ta ɗauki wannan ma ta kai."

Mai kitso ta yi tsuru-tsuru, tsinken kitso a hannu. "Mama, ai mu ba mu sani ba ne..."

"Yanzu kun sani," in ji Iya. Ta juyo ta shiga mota ta ja ƙofa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Hanyar rugar ta yi laka, sai da muka ajiye motar muka ƙarasa a ƙafa, ina riƙe da hannunta. Muka tarar da Goggo a gindin bishiya tana wanke ƙore. Ta rame. Ta shimfiɗa mana tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, shanu da yara da ruwan sama. Sannan Iya ta ajiye munduwar a tsakaninsu ta faɗi komai, ba ta rage ba, har da abin da ta yi a barandar mai kitso. Ni ina gefe ina jin daɗi a raina, ina cewa aiki ya kammala.

Goggo ta ɗauki munduwar tana jujjuyawa.

"Yaushe kin sa shi a ruwan?"

"Ranar da aka yi ruwan nan."

"Bayan na tafi?"

"Bayan kin tafi."

Goggo ta gyaɗa kai. Ta ajiye munduwar a hankali kusa da ƙafar Iya. "Mutanen layi, sai da kifi ya mutu suka ji tsoro na," ta ce. "Ke kuma tun kifi yana da rai."

Iya ta ɗauki munduwar ta ƙulle a bakin mayafinta. Duk binciken da na yi, na kwanta rub da ciki, na tace yashi, ban taɓa tunanin wannan gefen maganar ba. Goggo ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta dama mana fura, ta raka mu har bakin laka, ta ce in gaida gida.

Sunanta ya wanku, wannan kam na same shi, kuma ko yau aka mayar da ni baya sai na sake zaro munduwar nan. Ta dawo zagayenta. Matan layi suka riƙa rige-rigen sayen nononta, mai kitso ce a gaba, har da ƙarin gaisuwa. Ni kuma na zubar da duwatsun da yashin gaba ɗaya, don tagulla in ta shiga dutse ba ta fita. Na wanke akwatin, na fara daga farko da sabbin duwatsu, na yi watanni ina kallon ruwa ba kifi. Da dodon koɗin gwaji ya hau gilashi ya zauna lafiya, na mayar da mai ruwan goron gidansa.

Goggo tana sauke ƙwarya a tsakar gidanmu kamar da. Suna gaisawa da Iya, suna hira a kan tsadar dusa da ciwon gwiwa. Sai dai tun daga ranar ba ta sake yabon komai a gidanmu ba. Na yi sabon fenti, ba ta ce komai ba. 'Yata ta zo wankan jego, aka miƙa mata jaririyar, ta karɓa ta ce Allah ya raya, ta mayar ba tare da ta buɗe fuskar ba. In za ta wuce ƙofar falo, sai ta ja mayafi ta wannan gefen.

Iya ba ta sake sa munduwar ba, kuma ba ta haƙura ba. Duk ranar zuwan Goggo, tun da safe take sa a kai mata kujeru biyu 'yan tsugunne gaban akwatin, ta ce in kunna fitila. In an gama awon nono sai ta shiga ta zauna a ɗaya, ta ɗaga murya.

"'Yar daji, zo ki ga mai lallen nan naki, ya ƙara girma."

"Na gani, Iya," in ji Goggo daga tsakar gida, tana ɗaure bakin ƙwarya.

Iya takan zauna har sai ta ji an rufe ƙofar gida, sannan ta ce a ɗauke kujerun, a ajiye su kusa, kada a kai su nesa.